Kik ɗin jirgina ya ƙi tsayawa bayan na saki makulli, wayar totur kuma ta ɗau zafi, ina matsalar take?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu ilimin wutar mota da ta jirgi ku kawo ɗauki, jiya saura ƙiris aikin shekara 3 ya tashi a banza a gabana ina ji ina gani.

Waɗanda muka daɗe tare a nan sun san ina haɗa ɗan ƙaramin jirgi mai kujera 2 a wani shago a bayan gidanmu, gangar jikin bututun ƙarfe ne na walda, injin kuma na Volkswagen bitil ne da muka buɗe shi ya koma 1835cc, da maguneto ɗaya, wato abin da ke ba filogi wuta ba tare da batir ba. Kik ɗin na wata ƙaramar mota ne na samo a Ƙofar Ruwa, irin mai silinoyid a jikinsa, muka yi masa mazauni ya dace da haƙoran filawil. Batir ɗin saboda nauyi ya daidaita na kai shi bayan kujera, wajen mita 2 kenan tsakaninsa da injin.

Yadda na haɗa shine yadda na saba gani a mota, na ja kebul guda mai lamba 10mm daga kan batir na fulos kai tsaye zuwa babban notin kik, kan batir na at, wato nagatif, kuma na ɗaure shi a jikin bututun da ke kusa, sai ƴar siririyar waya daga makulli zuwa silinoyid, shikenan. Jiya bayan la'asar muka fito da shi tsakar gida ni da ƙanina, ban saka farfela ba Allah ya taimake ni, na murɗa makulli injin ya juya da ƙyar kamar mai ciwon baya, guuu guuu, na sake murɗawa na ɗan daɗe ina riƙe da shi, a na uku sai na saki makullin amma kik bai saki ba, yana ta jan injin, na mayar da makulli baya na ma zare shi gaba ɗaya yana hannuna amma abin nan bai fasa ba. Ƙanina ne ya yi ihu wai Yaya hayaƙi, na duba sai ga robar da ke jikin wayar totur tana narkewa tana ɗiga, na kai hannu kan mariƙin totur ɗin wlh sai da ya ƙona ni. Da sifana 10 na kwance kan batir, hannuna na rawa, sai da na yi wajen daƙiƙa 30 kafin ya fita, har Hajiyarmu ta fito da bokitin ruwa.

Tambayoyina, me ya haɗa wayar totur da wuta tunda ba waya ce ta lantarki ba? Me yasa kik ya ƙi tsayawa alhali makulli na hannuna? Sannan in saka fiyus ne a babban kebul ɗin, in eh mai lamba nawa? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baba Rewaya:

Wa alaikumus salam. Yaro ka yi sadaka, Allah ne ya tsare. Ni ban taɓa taɓa jirgi ba amma shekarata sama da 30 ina rewaya, kuma wannan ciwon naka na wayar totur na gan shi a mota ya fi a ƙirga, musamman in bakanike ya sauke inji ya mayar ya manta bai ɗaura wayar at ba.

Ka duba injin naka a kan me yake zaune, ai a kan robobi yake ko? To roba ba ta wuce da wuta. Kai ka kai wa kik wuta ta ƙofar gaba amma baka buɗe mata ƙofar da za ta koma gida ba, ita kuwa wuta ba ta kwana a hanya, dole ta koma batir ko ta ina ne, da ta duba ta ga babu hanya sai wayar totur da ta taɓa kafireto ta wancan kai ta taɓa bodi ta wannan kai sai ta bi ta nan. Kik yana jan amfa 150 zuwa 200 ko fiye lokacin da yake murɗa inji, ka ɗora wannan a kan ƴar wayar ƙarfe kamar ta birkin keke, ai ta zama hita kenan. Kuma in da bututun mai na ƙarfe ne ya zama hanyar da yanzu wani zancen ake.

Ka sami kebul mai kauri daidai da na fulos, ka ɗaure shi a jikin injin kusa da kik, ka kankare fenti da tsatsa sai ka ga ƙarfe yana sheƙi, ka ja shi har kan batir. Wancan da ka ɗaura a jikin bututu ma ina kyautata zaton a kan fenti ka ɗaura.

Maganar maƙalewa kuma, ka kwance silinoyid ɗin ka buɗe bayansa, za ka ga wani faifan jan ƙarfe da yake haɗa manyan notuna biyu, zan iya rantsuwa ya yi walda da kansa. Mutane suna zaton wuta mai yawa ce take kawo haka, a'a, ƙarancinta ne. In batir ya yi sanyi ko hanya ta yi ƙunci, silinoyid ba ya samun ƙarfin da zai buga faifan ya danne shi gam, sai ya riƙa karkarwa yana tartsatsi har ya narke ya manne, daga nan kuma makulli ba shi da ta cewa tunda shi ƴar ƙaramar waya kawai yake yankewa.

Kebul 10mm ya yi maka kaɗan a wannan nisan, kuma ka kankare bakinsa da wuƙa ka gani, in ka ga fari a ciki to alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe, sun cika kasuwa yanzu. Ka nemi kebul ɗin injin walda na asali, ka cika kawunan da dalma, ka saka makunnin nan mai jan kai da muke sa wa manyan motoci a kan batir, ka huta.

Na Fagge:

Hhhh Ɗan Gwammaja dan Allah ranar da za ka tashi ka sanar a nan mu kwashe yara daga layi. Wasa nake, Allah ya ida nufi, ai Kano ce garin da jirgi ya fara sauka a Najeriya tun 1925, kuma ban manta ɗalibin nan na BUK da ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic wajen 2007 ba, to abin a jininmu yake. Ni dai abin da ban gane ba me ma ya kai ka sa kik, ba da hannu ake murza farfelar irin waɗannan ƙananan ba? A bidiyo haka nake gani, ka rage nauyi ka rage kashe kuɗi.

Injiniya Samaru:

Malam Ɗan Gwammaja sannu da ƙoƙari. Na Fagge eh ana murzawa da hannu kuma jirage da yawa masu injin Volkswagen ba su da kik kwata-kwata, amma aiki ne na mutum biyu da horo, kuma tunda mai abu ya riga ya ɗora filawil a bar shi ya gyara abinsa.

Duk abin da Baba ya faɗa a kan at da faifan silinoyid haka yake, ba ni da abin ƙarawa, gwanin rewaya ya fi mu sanin wannan. Inda zan ɗan saɓa masa, Baba a yi min afuwa, shine tsarin gaba ɗaya. A mota in kik ya maƙale sai ka faka ka buɗe bonet ka cire kan batir kamar yadda ka yi da sifana 10. To ka ƙaddara kana zaune a ɗaure da bel, farfela tana juyawa a gabanka, batir yana bayan kujera, wa zai miƙo maka sifana? Shi yasa a ƙananan jirage ake jera rile manya guda biyu, wato makunnan da ƙaramar wuta ke kunnawa su wuce da babbar wuta, ɗaya bayan ɗaya, ba a jan kebul mai rai daga batir zuwa kik kai tsaye.

Na farko shine babban rile na batir, ana ɗaura shi dab da batir, kebul ɗin da ke tsakaninsu kada ya wuce taƙi ɗaya in da hali, saboda wannan guntun ne kaɗai yake da wuta kullum ko an kashe komai. Yadda ake kunna shi ma akwai hikima, kwayil ɗinsa yana shan fulos a nan jikinsa, ita wayar da ke tafiya wajen matuƙi at take kaiwa, makunni yana haɗa ta da bodi ne kawai, don haka ko ta goge ta taɓa ƙarfe a hanya iyakaci rile ya kunnu, ba gobara. Daga babban rile sai dogon kebul ya tafi gaba zuwa bangon da ya raba inji da mazauni, a nan rile na biyu yake, na kik, daga shi sai gajeren kebul zuwa kik ɗin. Da haka ka haɗa, jiya da yatsa ɗaya za ka kashe babban makunni komai ya mutu. Makunni mai jan kai da Baba ya ce shi ma yana yin wannan aikin, amma da sharaɗin hannunka zai kai gare shi kana zaune a ɗaure, ba tare da ka jawo kebul mai rai cikin mazauni ba.

Kada ka musanya rile biyun nan don a ido kamar tagwaye suke. Na batir an yi shi ne ya zauna a kunne awa da awanni, kwayil ɗinsa ba ya cin amfa 1 cikakke, in ka sa mita za ka ga tirjiyarsa om 15 ko kusa da haka. Na kik kuwa om 3 zuwa 4 ne, yana cin amfa 3 zuwa 4, yana bugawa da ƙarfi kuma sifirin ɗinsa yana fizgewa da ƙarfi, amma na ƴan daƙiƙu ne, in ka bar shi a kunne zai gasa kansa. In kuma ka sa na batir a wajen na kik to ka sake gayyato waldar da ta same ka jiya. Kada ka yarda da bakin mai shago, ka je da mitarka.

Fiyus kuwa, ba a saka shi a layin kik, wutar da yake fizga a farkon murɗawa ta wuce ta tsakiyar murɗawa nesa ba kusa ba, duk fiyus ɗin da zai jure wannan ba wani kare ka zai yi ba. Kariyar layin ita ce babban rile, da kuma yadda ka shimfiɗa kebul ɗin, a ɗaure da maƙalai masu roba a ciki, duk inda ya ratsa ƙarfe a sa masa zoben roba, kada ya kwanta a kan bututun mai ko ya kusanci salansa, kawunan notuna kuma a rufe su da hular roba. Ƙaramar wayar makulli ce take son fiyus, amfa 5 zuwa 7.5 ya isa.

Ga lissafin kaurin don ka gani da idonka. Jan ƙarfe 10mm yana da tirjiyar wajen 0.0018 om a kowace mita, tafiya da dawowa mita 4, a amfa 200 ka zubar da bolt 1.4 a hanya tun kafin a zo maganar kawuna da rile, in kuma alminiyam ne asarar ta haura bolt 2. Shi batir ɗin da kansa yana sauka zuwa wajen 10 lokacin murɗawa, to me ya rage wa kik? Da 25mm asarar ba ta kai 0.6 ba. A ma'aunin Amurka da za ka gani a takardun masu haɗa jirgi, lamba 4 wajen 21mm ce, lamba 2 wajen 33mm, kuma suna komawa lamba 2 ne in batir yana can baya. Kai 25mm ya yi maka. Wayar jirgi ta asali ita ce mai farar riga ta Tefzel, in ba ta samu ba kebul ɗin walda mai rigar roba ya fi mai rigar PVC, don PVC in ta kama hayaƙinta guba ne kuma kai a cikin akwati kake.

Dalma ce ta biyun da zan saɓa wa Baba. Tana bin silin waya ta shige ciki ta sandare shi, injin bitil kuma ka san girgizarsa, daidai inda dalmar ta tsaya nan wayar take karyewa a hankali a cikin riga ba ka gani. A matse kan da injin matsewa na gaske, ba guduma da kurfi ba, sannan a sa rigar nan mai tsukewa da zafi.

Saura ƙananan abubuwa. Ka sa dayod, ɗan abin nan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kan kwayil ɗin kowane rile, irin 1N5400 da ƴan uwansa, ɓangaren mai zobe yana kallon fulos, shi yake shanye tartsatsin da ke cinye bakin makulli duk sanda ka saki, in ka juya shi kuwa fiyus zai tashi nan take. Ka ja ɗan jan fitila daga notin rile na ɓangaren kik zuwa gabanka, da ƙaramin fiyus a tushen wayar, don in inji ya tashi ƙararsa ba za ta bari ka ji kik yana maƙale ba, fitilar ce za ta gaya maka. Sannan murɗawa kada ta wuce daƙiƙa 10, ka bar shi ya huce minti 2, haka ma Rotax masu ƙera injin ƙananan jirage suka rubuta wa injinsu 912, balle a zafin Kano na watan Afrilu.

Wani abu da ban ji ka ambata ba, magunetonka yana da abin nan mai ƙas-ƙas da yake jinkirta wuta lokacin tayarwa? In babu, wuta za ta tashi tun fistin bai kai sama ba, inji ya harba baya, ya karya haƙoran kik ko ya fasa mazauninsa. Kuma ka riƙe wannan da kyau, maguneto ba ruwansa da batir, ana kashe shi ne ta hanyar haɗa wayarsa da at, in wayar ta tsinke to a kunne yake ko makulli yana aljihunka, don haka ranar da ka ɗora farfela ka ja wa ƙaninka da yaran layi kunne.

Kuma kada kowa ya raina maka aiki, Air Beetle da sojojin sama suka yi ta koyon tuƙi da shi a Kaduna asalinsa RV-6A ne, jirgin da mutane suke haɗawa a garejin gidajensu a Amurka. Sai dai kafin ka yi tunanin barin ƙasa ka nemi NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ka kuma sami injiniya mai lasisi ya duba maka da idonsa, akwai waɗanda suka yi karatu a kwalejin jiragen sama ta Zariya da yawa a garin nan.

Baba Rewaya:

Injiniya na karɓi ta rile biyu, gaskiya ban yi tunanin mutum a ɗaure ba. Ta dalma ce dai ban sallama duka ba, don matsewar da ake yi a kasuwa da filaya ta fi dalma sharri, in zai sami injin matsewa mai haidirolik irin na masu haɗa sola to na yarda. Kuma yaro ka lura, tunda kik ɗinka yana da nasa silinoyid, kada ka ba shi wuta kai tsaye daga ɗan makullin nan naka, farkon shigarsa yana fizgar amfa 30 ko fiye, ba irin rile na Injiniya ba ne, ka bar rile ya ɗauki wannan nauyin.

Ɗan Gwammaja:

Baba, Injiniya, Allah ya ƙara girma, Allah ya jiƙan mahaifa. Yau tun safe nake kan abin kuma komai kamar kuna wajen.

Na buɗe silinoyid, faifan nan ya manne da noti ɗaya sai da na sa sukundireba na ɓamɓare shi, fuskarsa duk ramuka baƙi ƙirin kamar an ɗiga masa wutar walda. Kebul ɗin na kankare, fari fat a ciki, mai shagon da ya sayar min har rantsuwa ya yi wai jan ƙarfe ne zalla, na bar shi da Allah. Kan at ɗin kuma da na kwance wosha sai ga fenti lafiyayye a ƙarƙashi ko ƙwarzane babu, ta haƙoran noti kawai wutar take ɗan ratsawa, kunya ta kama ni wlh. Batir na auna 12.1, ashe tun kafin azumi rabon da na yi masa caji, mai cikakken caji aka ce min 12.6 yake nunawa. Tsakanin injin da bodi kuwa da na cire wayar totur da ta cok na sa mita babu haɗi ko kaɗan, wato waɗannan biyun ne suka ɗauki kayan duka, ta cok ɗin ma ta canza launi ta yi shuɗi-shuɗi, duka zan canza.

Maguneto yana da ƙas-ƙas ɗin, in na juya injin da hannu a hankali ina jin ƙarar sa. Gobe in sha Allah zan shiga France Road neman kebul 25mm da rile biyun, mita a aljihu wuƙa a aljihu. Na Fagge kai ma kujerar baya taka ce ranar gwaji.

Abu ɗaya ya rage min Injiniya, in na sa rile na kik a bango, shi ɗan ƙaramin bakin silinoyid ɗin da ke jikin kik ina zan kai shi? Wani ya ce min in yi masa gada da guntuwar waya zuwa babban notin da ke kusa da shi kawai.

Injiniya Samaru:

Ana yin gadar kuma tana aiki, amma ka fara duba irin kik ɗin. In mai maganaɗisu ne a ciki maimakon kwayil, wanda yawancin ƙananan na yanzu haka suke, to bayan ka saki makulli yana ci gaba da juyawa na ɗan lokaci ya zama kamar janareta, wutar da yake haifarwa ta bi gadar ta riƙe silinoyid, haƙori ya ƙi fita daga filawil na daƙiƙa 1 ko 2 bayan inji ya tashi, za ka ji wani ƙiii a ƙarshen kowace tayarwa kuma haƙoran ne suke ci. Wasu rile na kik suna da ƙaramin noti na huɗu mai alamar I wanda yake samun wuta kawai lokacin da rile ya buga, in ka sami irinsa ka cire gadar ka ja waya mai ɗan kauri, 2.5mm ko 4mm, daga nan zuwa bakin silinoyid. Ka ɗauko hoton lambar da ke jikin kik ɗin da na rile ɗin da ka samu ka ɗora a nan kafin ka biya kuɗi.